Amai da Sunayensa, Daga Bakin Majiyyaci Zuwa Katin Likita



Da wata tsohuwa zan fara. Ina sabon likita a sashen yara na wani asibiti, ta shigo da jikanta ɗan sati biyar, uwar na biye da ita tana matse ƙwalla. An riga an cika musu kati a waje, abin da ke jikinsa kalma ɗaya ce tal ta Turanci mai nufin amai. Na ce, "Iya, ai tumbuɗi halin jarirai ne." Ta dube ni ta ce, "Likita, 'ya'ya tara na goya, na san tumbuɗi. Tumbuɗi a kafaɗa yake tsayawa. Wannan feshi yake yi har bango, yana gamawa kuma sai ya cafki nono kamar bai taɓa sha ba."

Da wannan magana ta gama faɗa mini cutar. Akwai wata tsoka a mafitar tumbi, inda abinci ke gangarawa hanji. A wasu jarirai, galibi maza, tsakanin sati biyu zuwa takwas da haihuwa, sai ta yi kauri ta toshe hanya. Nono ya cika ciki, ya rasa inda zai bi, ya dawo da ƙarfi, yaro kuwa yunwa na cinsa. An yi wa yaron ƙarin ruwa, aka yi masa ƙaramin aiki, ya warke. Amma har yau abin na damuna, domin duk abin da nake buƙata yana bakin tsohuwar nan, katin ne ya zubar da shi, ni ma saura ƙiris in bi kati in sallame su.

Ɗalibanmu kan yi zaton sai a littafin Turanci ake rarrabe ciwo dalla-dalla. Su kansu kalmomin littafin yawanci aro ne daga Girkanci. Emesis shi ne amai. A liƙa masa haima, wato jini, ya zama aman jini. Kalmar da suke kiran tashin zuciya da ita kuwa daga naus ta fito, jirgin ruwa, saboda a kan teku Girkawa suka fi sanin wannan wahala. Bahaushe bai jira jirgi ba, ya ce zuciya ce ta tashi. Mun sani yanzu umarnin daga ƙasan ƙwaƙwalwa yake fitowa, daga wani wuri da ke ɗanɗana jini yana neman guba, yana kuma karɓar saƙo daga ciki da kunnen ciki. Shi ya sa mai juna biyu da fasinjan da mota ke jujjuyawa da wanda ƙodarsa ta gaza duk suke haɗuwa a alama ɗaya.

Ku dubi abin da muke da shi. Tashin zuciya daban, amai bai zo ba tukuna. Kakari daban, ana ta yunƙuri ba abin da ke fita. Tumbuɗi ba ya buƙatar yunƙuri, gangarowa kawai yake yi. Ƙwarnafi ruwa ne mai tsami da ke tasowa maƙogwaro. Kumallo shi ne ruwan ɗacin nan rawaya da ke fita idan ciki ba komai, har muka sa wa abincin safe suna karin kumallo. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da raba wanda amai ya rinjaya da wanda ya janyo shi da gangan, saboda hukuncin azuminsu ba ɗaya ba ne. Al'ummar da ta yi wannan tankaɗe da rairaya ba za a ce ba ta da kalmomin asibiti ba.

Inda muke da rauni shi ne launi, kuma nan rai ke salwanta. Uwa za ta ce jariri na kumallo, ma'aikaci ya gyaɗa kai. Sai an tambaye ta: rawaya ne kamar ɗorawa, ko kore kamar ganyen alayyafo? Kore shar a bakin jariri toshewar hanji ce har sai an tabbatar ba ita ba ce, kuma ba a kwana da ita a gida. Haka jini. Mutum zai ce ya yi aman jini, alhali tari ya yi, jinin daga huhu yake, mai kumfa, ja wur, sai mu nemi tarin fuka. Wani kuma zai rantse bai ga jini ba, sai wani abu baƙi-baƙi kamar tukar gahawa. To wannan jini ne da ruwan tsamin ciki ya dafa. A nan za ka tambayi gyambon ciki, ka tambayi ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da leburori da manoma ke haɗiya kullum ba abinci, ka duba hanta. Baƙin aman nan ne ya sa mutanen Sifaniya suka kira zazzaɓin shawara da sunan baƙin amai.

Amai da gudawa kowa ya san shi tun da kwalara ta shigo Afirka ta Yamma a 1970. Abin da ke kisa ƙarewar ruwan jiki ne, maganin kuma a 1971 wani likitan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya nuna ƙarfinsa a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangladash, lokacin da ruwan leda ya ƙare musu: gishiri da sukari a ruwa. In babu na sacet, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin cokali. Sai dai uwa takan ce, "Ina ba shi yana dawowa da shi," ta daina. Ba laifinta ba ne, ba mu gaya mata ta dakata minti 10 ta ci gaba da cokali-cokali ba. Tambayar da za mu yi mata ita ce: yana riƙe wani abu, ko komai yake amayarwa? Yaron da ko ruwa ba ya zama a cikinsa yana cikin alamun haɗari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a garzaya da shi asibiti, domin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da sanƙarau duk suna zuwa da wannan fuska.

Akwai kuma aman da mu muke janyowa. Yaro ya sha kananzir a gorar lemo, sai a ɗura masa manja ko a zira masa yatsa wai ya fitar. Don Allah a bari. Kananzir a ciki bai kai kananzir a huhu illa ba, amai kuwa shi ne ke kai shi huhu.

Roƙona ga shugabannin makarantunmu na likitanci da na jinya ƙarami ne. A ware layi ɗaya a katin majiyyaci inda za a rubuta kalmar da ya faɗa da bakinsa, da Hausa, kafin a juya ta. Ku kuma ɗalibai, gobe idan kun shiga zagayen ɗakin yara, wadda ta ce muku ɗanta na amai, ku ja kujera ku ce, "Baba, kwatanta mini yadda yake fitowa."