Mutum 4,361,002: Abin Da Lamba Ke Ɓoyewa
Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiyar ɗalibai a Dutse



Lambar da za mu tattauna a kanta yau ta gida ce. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna cewa mutanen Jihar Jigawa su 4,361,002 ne. Da yawa daga cikinmu mun sha kwafe ta a takarda, amma kaɗan ne suka taɓa tsayawa suka bincike ta.

Bari mu fara da halayenta. Tun da 2 ce a ƙarshenta, tana rabuwa gida biyu daidai, kowane kashi 2,180,501. Saboda haka ba ta cikin lambobin nan da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. Ba ta rabuwa gida huɗu, ba ta rabuwa gida biyar. Kuma babu wata lamba da za a riɓanya da kanta ta haifar da ita, domin irin wannan sakamako ba ya ƙarewa da 2, 3, 7 ko 8. In muka tara alƙalumanta za mu sami 16, wato ke nan ba ta rabuwa gida uku ko tara. In aka kasa ta ga ƙananan hukumominmu 27, kowace za ta sami 161,518, a bar ragowar 16.

To, mene ne amfanin wannan ga ma'aikaci? A ce akawu ya yi tuntuɓen alƙalami, ya musanya 3 da 6, ya rubuta 4,631,002. Ido ba zai lura ba, tara alƙaluman ma ba zai tona ba, don 16 za a sake samu. Amma bambancin ya kai 270,000, fiye da mutanen ƙaramar hukumar Dutse duka a waccan ƙidaya. Ga sirrin: duk sa'ad da aka musanya alƙaluma, bambancin yakan rabu gida tara ba saura. Dalili kuwa shi ne 10 da 100 da 1,000 kowannensu ɗaya yake bari in an raba shi da tara. Don haka in jimla biyu suka saɓa, mu raba bambancin da tara tukuna. In ya rabu, mu fara neman inda aka juya alƙaluma.

Kada wani ya ce wannan ilmi baƙo ne. Malam Muhammadu al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya wallafa littafi da Larabci kan jera lambobi a hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

'Yan'uwa, da irin waɗannan lambobi ake tsara azuzuwa da asibitoci da rijiyoyi. Gobe mu ne za mu riƙe alƙalamin. Mu duba sau biyu kafin mu sa hannu, domin bayan kowane alƙalami akwai mutane.

Allah Ya ba mu sa'a.