Zarto, Gatari da Makwanci a Dajin Ƙanƙara



Mu da muka san hunturun Kano ko na Damagaram, sanyi a wurinmu shi ne leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, a hura wuta da asuba a ji ɗumi, hantsi na ɗagawa an tuɓe rigar sanyi. Dajin da zan yi magana a kansa, na arewacin Kanada da Suwidin da Finland, sanyinsa kan kai digiri 40 ƙasa da sifili, dare kuma ya wuce awa 16. Zafin jikin mutum in ya sauka ƙasa da digiri 35, jiki sai ya ɗauki karkarwa, tunani ya fara rikicewa. Don haka in za ka shiga wannan daji, duk abin da za ka jefa cikin jaka, ka fara auna shi da wannan: zai yi maka aiki da yatsu a sandare, cikin safar hannu mai kauri, ba tare da ka yi gumi ba? Na ambaci gumi da gangan, domin tufa in ta jiƙe, zuƙe ɗumin jiki take yi.

Matasa babbar wuƙa ce ke burge su. Amma marigayi Mors Kochanski, wanda ya shafe shekaru yana koyar da zaman daji a lardin Albata har ya rasu a 2019, ƙaramar wuƙa ya fi aminta da ita, irin wadda ake ƙerawa a garin Mora na Suwidin, ruwanta bai wuce faɗin tafin hannu ba. Ta zama mai kube, ba mai naɗewa ba, don sandararrun yatsu ba sa buɗe wuƙar aljihu. Mariƙinta kuma na itace ko roba, saboda ƙarfe tsirara kan manne wa fata.

Ni dai, in aka ce zaɓi ɗaya tsakanin gatari da zarto, zarto zan ɗauka. Itacen wutar da zai kai ka asuba tuli ne, zarto kuwa yana yanka shi gunduwa-gunduwa ba haki, ba zufa. Gatari ba a raina shi, shi ke faskare gungume a kai ga busasshen cikinsa. Sai dai daskararren itace kan sa ya goce, kuma raunin ƙwauri a wurin da asibiti ke da tafiyar kwana biyu ba ƙaramin abu ba ne. Tsananin sanyi ma kan sa kaifinsa ya ɓantare, shi ya sa masu daji ke ɗumama shi kafin su fara sara.

Batun makwanci, mutane sama suke kallo, suna ta cinikin tanti da tamfol, alhali ƙasa ce ta fi satar ɗumi. Jakar barci, komai tsadarta, inda nauyinka ya danne ta ba ta tare sanyi. Sai an shimfiɗa katifar soso a ƙarƙashi, ko a tara rassan bishiyoyin nan masu ganye kamar allura, a yi musu kauri sosai.

Kada a manta da shebur. Da shi ake yin ɗakin da mutanen Atabaska na Kanada ke kira kwinzi: a tara dusar ƙanƙara kamar rumbu, a soka tsinkaye masu tsawon santimita 30 ta ko'ina, a bar ta awa ɗaya ko biyu ta haɗe jikinta, sannan a rarake ciki har a ga bakin tsinkayen. Ko waje na ƙuna da sanyi, ciki yana kusa da sifili. Amma wajibi ne a huda kafar shan iska, musamman in za a kunna kyandir ko risho, domin gubar da wuta ke fitarwa a rufaffen wuri ba ta da wari. Sheburin kuma a kwana da shi a ciki, saboda iska kan toshe ƙofar kafin gari ya waye.