Ɗinya Ta Shigo Shehuri

Wanda duk ya bi ta Shehuri kwanan nan, daga ƙofar fadar Shehun Borno zuwa Kasuwar Monday, ya ga kaka da idonsa. Ga sabon gero, ga ɗanyar gyaɗa da wake, ga ɗinya baƙa wuluk yara na talla. Hunturu na kamawa magarya da kanya za su biyo baya.

Ni dai 'ya'yan itatuwan dajin nan sun fi tsaya mini a rai. Ba wanda ya shuka su, ba wanda ya zuba musu taki, amma masu tsinko su sai sun fita bayan gari, inda har yau ake zuwa da fargaba. Mutanen Zabarmari ba su manta kisan manoman shinkafa a Koshebe cikin Nuwamba 2020 ba. Sannan a Satumba 2024 dam ɗin Alau ya ɓalle, ruwa ya cinye gonaki, ya shigo Shehuri har fada.

Don haka Hajiya, in yarinya ta sauke farantin ɗinya a ƙofar gidanki, kada ki tsananta ciniki, ki biya ta yadda ta faɗa.