Bitar malamai ba kayan aiki

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, a ciki har da kason horar da malamai da sayen kayan koyarwa. Bita kam ana yi: a tara malamai a babban birnin jiha, a raba jaka da takardar shaida da kuɗin mota. Sai malamar da aka koya wa aiki da kwamfuta ta koma ajin da ba lantarki, allo ya koɗe, yara biyar sun duƙufa kan littafi ɗaya. Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi, SUBEB, su fara kai kaya aji tukuna, bita ta biyo baya, sufeto ya zagayo ƙarshen zango ya duba.