Komawa Jami'a da Bashi a Wuya



Mai girma Shugaban reshe, Sakatare da sauran shugabanni, iyayenmu hedimastoci, 'yan'uwa malamai maza da mata, barkanmu da war haka.

Da Sakatare ya aiko cewa ana so mu yi magana a kan komawa karatu, mun so mu nemi uzuri, domin mun san ba don ilimi ko iya magana aka zaɓe mu ba. Akwai waɗanda suka fi mu duka biyun a zauren nan. Abu ɗaya muka fi su da shi: mun karye, kowa ya sani, kuma ga shi mun kammala zango na uku a jami'a. Tunda asirin da ake gudun tonuwarsa ya riga ya tonu, bari mu faɗi yadda aka yi, ko wani ya tsallake ramin da muka faɗa.

Mu huɗu ne, tare muka gama NCE a Gumel sama da shekara ashirin da suka wuce. A farkon 2022 kowannenmu ya ci bashin banki a kan albashinsa, muka haɗa muka kama gonar shinkafa a fadama, muka sayi iri da taki, muka biya 'yan ƙwadago. Lissafinmu a takarda ya yi kyau: girbin farko ya biya bashi, na biyu ya kai mu jami'a. Ambaliyar da ta shafe kwarin Haɗejiya a daminar nan ba sai mun tuna wa kowa ita ba. Shinkafa ta fara fitar da kai, ruwa ya zo ya kwanta a kanta makonni. Muka tsaya a kan tudu muna nuna wa juna inda gonar take da yatsa. Banki kuwa babu ruwansa da ambaliya; ƙarshen wata ya ɗebi nasa. Ba mu gama farfaɗowa ba aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na kwanon masara suka tashi tare. Akwai watan da alat ya shigo, abin da ya rage bai kai kuɗin buhun hatsi ba, ga mai taki yana sallama a ƙofar gida, ga mai shago ya rufe mana littafi.

Ba wata kotu ce ta ce mun tsiyace ba. Akwai dokar fatarar kuɗi a ƙasar nan tun 1979, amma malamin firamare ba ya kai wa can. Takardar albashinsa ce ke yanke masa hukunci. Malaman fiƙihu suna da suna ga mutumin da bashin da ke kansa ya rinjayi abin da ya mallaka: muflisi. Wannan shi ne sunanmu a lokacin, ko da yake babu wanda ya kira mu da shi a gabanmu.

To me zai kai muflisi jami'a? Mun sha wannan tambaya, har daga cikin gidajenmu, kuma tambaya ce ta masu hankali. Amsarmu lissafi ce. Mai NCE yana fara aiki a mataki na 7, mai digiri a na 8, kuma a jihohi da dama mai NCE yakan tsaya cak a mataki na 14 komai daɗewarsa. Dokar tarayya da aka sa wa hannu a 2022 ta kai ritayar malami shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. A inda aka aiwatar da ita, wanda ke da arba'in da biyar yau yana iya samun kusan shekara ashirin a gabansa. Bashin banki kuwa shekara uku ne ko huɗu. Muka ga bai kamata masifar shekara huɗu ta yanke hukuncin shekara ashirin ba. Amma kada a ji mu a karkace: digiri ba ya biyan bashi. Ranar da aka miƙa takarda ba ita ce ranar da albashi ke canzawa ba, kuma duk mun san waɗanda suka daɗe suna jiran a daidaita musu mataki. Wanda zai koma don ya fita daga bashi baɗi, gara ya zauna a gida.

Abin da muka fara yi ba neman gurbin karatu ba ne. Zama muka yi da littafi da biro, kowa ya rubuta duk wanda ke binsa, har da dubu biyun da ya karɓa a hannun maƙwabci. Wannan zama ya fi ranar ambaliya ɗaci, domin mai bashi yakan ɓoye wa kansa jimillar kafin ya ɓoye wa mutane. Daga nan muka raba bashin gida biyu.

Na banki ba a guje masa. Tun daga Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna damar cire bashin da aka ƙi biya daga kowane asusu na mutum da ke ɗaure da lambarsa ta BVN, ko a wane banki yake. Saboda haka dabarar da wasunmu ke yi ta buɗe sabon asusu don a tara kuɗin makaranta a ɓoye, wahala ce kawai. Abin da muka yi shi ne muka tafi da ƙafarmu muka nemi a tsawaita wa'adi. Abin da ake cirewa duk wata ya ragu, kuɗin ruwan da za mu biya gaba ɗaya ya ƙaru. Mun san an ƙware mu a nan, mun amince ido buɗe, domin da wannan ɗan ragin ne muka sami numfashi.

Na mutane kuwa, shi ya fi nauyi a zuci, amma shi ya fi sauƙin sasantawa. Mun je wurin mai taki da wani dattijo a matsayin shaida, muka nuna masa takardar albashi, muka ce ga abin da za mu iya kawowa duk wata, kuma muka gaya masa da bakinmu cewa za mu koma karatu. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci. Babu abin da ke ƙona ran mai bin bashi kamar ya ji a bakin wani cewa wanda ke ce masa babu ya biya kuɗin jami'a. Addini ya umarci mai bin bashi ya yi wa wanda ke cikin ƙunci jinkiri, aya ta 280 ta Suratul Baƙara a kan haka take, amma bai ba mai hali izinin jan ƙafa ba. Sai da mai haƙƙi ya ce ya yarda sannan muka sayi fom.

A nan ne hanyarmu ta rabu da ta ɗayanmu, kuma da izininsa muke faɗa. Ya ga kuɗin rajista ya matso, hannunsa babu, ya shiga manhajar bashi ta waya. Cikin minti goma kuɗi suka shigo. Cikin mako biyu aka nemi a biya da ƙari mai yawa. Ya ci na biyu ya biya na farko, ya ci na uku ya biya na biyu. An sayar da kare an sayi biri. Da ya kasa, suka aika saƙo ga duk lambar da ke wayarsa, har hedimastansa da surukinsa, suna kiransa da sunan da ba za mu maimaita ba. A zango na biyu ya ajiye karatun. Ya fi mu ƙwaƙwalwa, mu ukun nan, tun muna kwaleji.

Sai maganar hanya. Wanda albashinsa ne kaɗai igiyar da ke riƙe da shi, kada ya zaɓi karatun da zai raba shi da ita. Mai NCE yana iya shiga aji biyu kai tsaye ta hanyar JAMB ya yi shekara uku, amma wannan sai da hutun karatu mai albashi, kuma ba kowa ke samu ba. Akwai karatun dogon hutu, irin wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta daɗe tana yi wa malamai. Akwai Jami'ar Karatu daga Gida, wato NOUN, inda ake biya gwargwadon darussan da aka yi wa rajista, mai ƙaramin ƙarfi ya ɗauki kaɗan. Akwai kwalejojin ilimi da ke ba da digiri da haɗin gwiwar jami'o'i, wasu a kusa da gida. Mu karatun hutu muka zaɓa a wata jami'a, domin ba ya taɓa ajinmu. Kowace aka bi, a nemi izini a rubuce ta hannun hedimasta da Sakataren Ilimi zuwa hukumar jiha kafin a fara, a kuma adana kwafi. Mun ga wanda ya kawo digiri aka tambaye shi takardar izini, ya tsaya yana sosa ƙeya.

Da yawa sun tambaye mu batun lamunin ɗalibai na NELFUND, wanda aka buɗe a 2024. Ba shi da kuɗin ruwa, ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, kuma idan lokacin biya ya yi kashi 10 cikin 100 ake cira daga albashi. An gina shi ne a kan ɗalibin makarantar gwamnati da ya shiga ta JAMB yake karatu na cikakken lokaci. A ganinmu ya fi amfanar 'ya'yanmu fiye da mu, kuma nan ma sauƙi ne: uban da aka ɗauke wa kuɗin ɗansa ya sami abin da zai biya nasa.

Kuɗin rajista ma ba shi ne ke karya mutum ba, domin shi an san ranarsa. Ƙananan ne: mota, ɗakin haya na wata biyu, abinci a gida biyu, hoton takardu, buga kundin bincike. Mun kama ɗaki ɗaya mu uku, mun tafi da garin kwaki da ƙuli daga gida, mun sayi littafi ɗaya muna karɓa-karɓa. Tumaki biyu da uwargidan ɗayanmu ke kiwo su suka biya zangon farko, kuma ba kyauta ta ba shi ba, an rubuta. Bara kuɗin zangonmu ya haɗu da kuɗin jarrabawar NECO ta 'yar ɗayanmu a wata guda. Aka biya na yarinya, shi ya rubuta takardar ɗage zango. Zai gama bayanmu da shekara ɗaya, bai kuwa fasa ba.

Mai girma Shugaba, ga abin da muka zo roƙo. Muna neman reshe ya buɗe adashin karatu, dabam da na Sallah da na biki. Idan mutum talatin suka zuba naira 2,000 duk wata, ana da 60,000 a wata, 720,000 a shekara. Kada a ba kowa kuɗi a hannu. A biya makaranta kai tsaye, a kawo rasit gaban ma'aji. Kada a ɗora ko kwabo na ruwa. Kada a hana mutum shiga don yana da bashi, amma a sa shi ya kawo jerin bashinsa ga mutum biyu amintattu da reshe zai zaɓa, su kuma su riƙe sirri. A ware kaso ga 'yan'uwanmu mata, waɗanda sau da yawa su ke sayar da abin hannunsu don wani ya yi karatu. Da akwai irin wannan asusu shekara biyu da suka wuce, da yau mu huɗu ne a tsaye a nan.

Mun bar takarda a teburin Sakatare. Wanda ke so ya rubuta sunansa da makarantarsa kafin ya fita. Abokin namu da ya ajiye karatu ba ya nan, amma ya ce a sa sunansa a farko, kuma mun sa.