Tsakanin Sutura da Shaida: Hoton Ishara a Yaƙi da Cin Zali



Da aka aiko mini goron gayyata aka ce in zo in yi magana a kan hoto, na san ba za a rasa wanda zai ce a ransa ina ruwan majalisar ilimi da mai hoto ba, mutumin da iyakar saninmu da shi ranar salla ce ko ranar biki, ya ce a gyara zama, a yi murmushi, ya karɓi kuɗinsa ya ƙara gaba. To, ku yi mini haƙuri kaɗan, domin hoton da na zo da shi wani iri ne dabam, wanda mai ɗaukarsa ba ya jiran abu ya auku a gabansa, shi ne ke fara ƙulla ma'ana a zuciyarsa, sa'an nan ya zaunar da mutum, ya zaɓi tufa da haske da abin da za a riƙe a hannu, har ma'anar nan ta yi jiki, ido ya gan ta. Na raɗa masa suna hoton ishara. Waɗanda suka karanci Balaga a zaure za su gane shi da wuri: idan hoton ɗan jarida haƙiƙa ne, wannan majazi ne, wato buga misali da haske maimakon da harshe.

Abin mamaki, wannan fanni da kukan zalunci aka haife shi. A shekarar 1839 gwamnatin Faransa ta karɓi hanyar ɗaukar hoto da Louis Daguerre ya ƙago, ta yanka masa faran 6,000 duk shekara, ta bar wani ma'aikaci mai suna Hippolyte Bayard, wanda shi ma ya gano tasa hanyar, yana cizon yatsa. Da abin ya ishe shi, a 1840 sai ya tuɓe riga, ya ɗaura mayafi, ya jingina ya rufe ido kamar gawar da aka tsamo daga ruwa, ga malfarsa rataye a gefe, ya ɗauki kansa hoto, ya rubuta a bayan takardar cewa baƙin cikin yadda hukuma ta yi watsi da shi ne ya sa ya faɗa ruwa. Bai mutu ba, ya rayu har 1887. Amma mutuwar ƙaryar ta isar da gaskiyar da takardar koke ba ta isar ba.

Me ya sa wannan dabara ta dace da cin zali fiye da hoton jarida? Dan Olweus, masanin halayyar ɗan Adam da ya yi aikinsa a ƙasar Norwe, wanda ya shafe shekaru tun daga wajen 1970 yana nazarin yadda yara ke gallaza wa juna, ya ce abubuwa uku ke raba cin zali da faɗan yara: ganganci, da maimaitawa, da rinjayen ƙarfi, yadda wanda ake yi wa ba shi da ikon kare kansa. Hukumar UNESCO kuma, a rahotonta na 2019, ta ce kusan ɗalibi ɗaya cikin kowane uku a duniya, kashi 32 cikin ɗari, 'yan'uwansa ɗalibai sun ci zalinsa aƙalla sau ɗaya a cikin watan da ya gabaci tambayar. Amma da yake galibin wannan cuta ba ta fid da jini, kuma ana yin ta ne a bayan aji, ko ɗakin kwana, ko ƙuryar gidan aure inda baƙon ido ba ya shiga, mai hoton jarida ko ya kwana a ƙofa ba abin da zai kamo sai bango.

Ba daga littafi na fara sanin haka ba. A makarantar kwanan da na yi akwai wani yaro ajinmu mai i'ina, haziƙi a lissafi, wanda muka laƙaba wa suna Janareta, saboda yadda baƙin farko ke tuntuɓe a bakinsa kafin kalma ta tashi. Duk sa'ad da malami ya kira shi ya miƙe, sai ka ji ƙugi ƙasa-ƙasa daga bayan aji, tu-tu-tu, ana buga ƙafa a ƙarƙashin benci. Shi kuwa ya dafe tebur, jijiyar wuyansa ta miƙe, gumi ya tsattsafo masa a hanci, amsar tana bakinsa ta ƙi fita. Malami ya ce wasan yara ne. Yaron ya daina ɗaga hannu, daga baya ya daina zuwa ɗakin cin abinci sai kowa ya watse, kuma da muka komo hutun shekara ta biyu gadonsa ba kowa. Ba wanda ya taɓa sa masa yatsa. Da likita zai duba shi daga kai har ƙafa, da bai ga ko ƙwarzane ba. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, ina cikin masu dariya, alhali mun haddace aya ta 11 ta Suratul Hujurati wadda ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙubba.

Irin wannan miki ne masu hoton ishara suka ɗaura niyyar fitarwa sarari. A Amurka, cikin 2014, Richard Johnson ya yi wani aiki da ya kira Weapon of Choice, ma'ana makamin da mutum ya zaɓa: ya nemi masu sa kai, manya da yara, kowa ya zaɓi kalmar zagin da ta fi yi masa ciwo, masu kwalliyar fim suka zana ta a fuska ko wuya ko dantse da siffar kumburi da tabo, har mai kallo ya ga kalma ta zama rauni a fata. Mu da muke cewa magana zarar bunu ce mun san ba ta komawa; shi ya nuna mana inda take sauka. Kafin wannan, a 2011, wata ɗaliba 'yar shekara 19 mai suna Grace Brown ta soma Project Unbreakable, inda waɗanda aka yi wa fyaɗe suke riƙe kwali ɗauke da kalmomin da azzalumin ya faɗa musu, da rubutun hannunsu. Wanda ya so ya bayyana fuskarsa, wanda bai so ba ya ɗaga kwalin ya rufe ta. Ku lura da hikimar da ke nan: maganar da aka raɗa a ɓoye don a rufe bakin mazlumi, ita ce aka ɗaga a bainar jama'a ta zama hujja a kan mai ita.

Kada wani ya ce wannan al'adar wasu ce da ba ta san kunya ba, domin an yi irinta a ƙasarmu, da suturarmu. A 2017 Adam Ferguson, mutumin Ostareliya, ya je Maiduguri ya ɗauko wa jaridar New York Times hotunan 'yan mata 18 waɗanda Boko Haram ta ɗaura wa bam ta tura cikin jama'a, suka ƙi tayarwa, suka tsira. Bayyana fuskarsu haɗari ne ga rayuwarsu, ga kuma tsangwamar maƙwabta. Saboda haka kowacce ta tsaya cikin hijabinta, wata ta kare fuska da tafin hannu, wata da mayafi, wata da furanni, wata ta juya wa mai kallo baya. Ba jini, ba gawa, ba hawaye, amma duk uban da ya dubi ƙananan yatsun nan sai ya ga 'yarsa. A nan ne ƙashin bayan maganata yake. Addininmu ya umarce mu da suturta ɗan'uwa, ya kuma hana mu ɓoye shaida, kuma mun daɗe muna fakewa da na farko don mu kauce wa na biyu, muna ce wa wadda aka doka ta yi haƙuri, a rufa asiri, har asirin azzalumi ne ke rufuwa. Hoton ishara ya nuna ana iya riƙe duka biyun: a suturta mutum, a tona cutar.

Sai dai akwai sharuɗɗa, domin wayar da ke ɗaukar hoton wayar da kai ita ce kuma ake ɗaukar yarinya da ita a yaɗa a Facebook da WhatsApp don a wulaƙanta ta. Sharaɗi na farko izini ne na haƙiƙa, wanda mai shi ya san inda hoton zai je, yana kuma da ikon janyewa. Idan yaro ne, a haɗa da yardar waliyyinsa, a kuma fifita ɓoye kamanninsa. Na biyu, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka shi zai zaɓi kalma da alama, mai hoto almajirinsa ne. Na uku, a faɗa a fili cewa shiryawa aka yi, kada majazi ya shiga rigar haƙiƙa ya zama ƙarya. Na huɗu, kada a tayar wa mutane da tsohon miki a kulle zaure a tafi. Duk inda aka baje irin waɗannan hotuna, a tanadi wanda mai ƙorafi zai samu a asirce ya saurare shi. Hukuncin hoto kansa, wanda malamai suka yi saɓani a kai, na bar wa ma'abotansa da ke zaune a sahun gaba. Ga shugabannin makarantu kuwa, Alhamis ta farko a watan Nuwamba, wadda UNESCO ta keɓe don yaƙi da cin zali a makarantu, dama ce ta gwada wannan aiki da ɗalibanku.

Wani lokaci nakan tambayi kaina yadda zan shirya hoton abokin karatun nan nawa. Zan tsayar da shi cikin fararen kayan makaranta, allo ya rufe fuskarsa, sunan da muka ba shi a rubuce da alli. A bayansa kuma benci cike da yara, kowa ya toshe baki yana ƙunshe dariya, su fuskarsu a buɗe. Amma hoton ba zai yi gaskiya ba sai na zauna a bencin nan da kaina, ba kuma zai halatta ba sai na nemo shi na roƙi izininsa, kafin izini kuwa, gafara.

Allah ya tsare mu daga zalunci, da dariyar da ke taya azzalumi.