Gigin Tsufa: Me Ke Kashe Ƙwayoyin Ƙwaƙwalwa?

Yau zancenmu a kan gigin tsufa ne, watau ciwon nan da kan sa dattijo ya manta sunan ɗan cikinsa, ko ya fita ƙofar gida ya kasa gane hanyar komowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne ke fama da shi, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nasu cutar Alzheimer ce ta kama su. Cutar ta ci sunan wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, wanda a 1906 ya duba ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu a Frankfurt, ya tarar da dunƙulen wani sinadari a tsakanin ƙwayoyin, da wani abu kamar sarƙaƙƙen zare a cikinsu. Dunƙulen nan shi ne furotin da ake kira amiloyid, zaren kuwa tau. Amma me ke kashe ƙwayoyin su kansu? Masana sun daɗe suna neman amsa.

Kafin mu je ga ɗaya daga cikin amsoshin, ya kamata mu san yadda ƙwayar halitta take hayayyafa. Da farko takan yi girma, sa'an nan ta kwafi sinadarin gadonta, watau DNA, ya zama ninki biyu, ta sake shiri, daga bisani ta tsage gida biyu. Ta haka fata ke sabuntuwa, rauni kuma ya warke. Akwai wasu furotin masu suna saikilin da ke ba da izinin wucewa daga wannan mataki zuwa wancan, kuma saboda gano wannan tsari aka ba Leland Hartwell da Tim Hunt da Paul Nurse lambar Nobel a 2001.

To, ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwa, waɗanda yawansu ya kai wajen biliyan 86, ba sa bin wannan hanya. Da zarar sun nuna sai su daina rabuwa har ƙarshen rai. Dalili kuwa a fili yake. Kowace ɗaya ta miƙa rassa ta haɗu da dubban 'yan'uwanta, kuma a waɗannan mahaɗai ne abin da muka sani yake ajiye. Ƙwayar da za ta rabu tilas ta janye rassanta ta dunƙule, wanda ke nufin rushe ajiyar.

Abin mamaki, a shekarun 1990 masu bincike irin su Thomas Arendt a Leipzig da Zsuzsanna Nagy a Oxford suka riƙa ganin furotin na rabuwa a cikin ƙwayoyin jijiyar waɗanda cutar ta kashe. A 2001 kuma Karl Herrup da abokan aikinsa a Cleveland ta Amurka suka nuna cewa wasu ƙwayoyin har sun kwafi DNA ɗinsu, musamman a hipokamfas, sashen da ke riƙe sabon abin da mutum ya koya. Sai dai ba su kai ga tsagewa ba. Misalinsu kamar matafiyi ne da ya ɗaure kaya ya bar gida, ya iske kogi ya kawo: ba gaba, ba baya. A nan ƙwayar kan zauna watanni tana raunana, har ta mutu. A 2003 suka ga alamun nan a ƙwaƙwalwar mutanen da mantuwarsu ba ta yi nisa ba, watau abin yakan fara da wuri.

Me ke tunzura ƙwayar? A 2013 George Bloom da mutanensa a Jami'ar Virginia suka nuna cewa ƙananan curin amiloyid ne ke ingiza ta, amma sai da hannun tau, domin ƙwayoyin ɓerayen da ba su da tau ba su kama hanyar ba. A 2018 suka ƙara nuna cewa maganin memantine, wanda Amurka ta yarda da shi tun 2003 don rage alamun cutar, yana hana wannan a jikin ɓeraye. Lalle ɓera ba mutum ba ne, kuma maganin ba ya warkar da wanda cutar ta riga ta ci ƙarfinsa. Har ila yau wasu masana na ganin ƙwayar tana ƙoƙarin gyara ɓarnar da ta sami DNA ɗinta ne, ƙoƙarin ya zame mata ajali.

Ko wanne ne gaskiya, darasin ɗaya ne: ɓarnar tana somawa shekaru kafin iyali su lura, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka in tsohonku ya fara maimaita tambaya ɗaya sau goma, kada a ce taɓin hankali ne ko sammu. Ciwo ne a cikin ƙwaya, a kai shi ga likita da wuri, a kuma yi haƙuri da shi.